Sunan Mai Hoto da Ladan Aikinsa

Littafi ba ya fita daga maɗaba'a sai da sunan mawallafinsa a goshinsa. Jarida ma ta kan faɗi wanda ya rubuta sharhi, ko da da haruffa biyu ne. Amma hoton da ke tsakiyar shafi, wanda sau da yawa shi ke fara jan idon mai karatu, a kan bar shi kamar tsintuwa, ba a san mai shi ba. In an yi karamci a rubuta sunan gidan ajiyar da aka samo shi, ko na kamfanin da ya sayar da shi. Wanda ya tsaya cikin rana ya ɗauka kuwa, shiru. Abu biyu mai ɗaukar hoto ke nema sa'ad da aka buga aikinsa: a ambaci sunansa, a kuma biya shi. Ga ido kamar abu ɗaya ne, amma a kan sami ɗaya a rasa ɗaya. Asarar suna kuwa ita ta fi muni, gama wanda ba a san sunansa ba babu ƙofar da za a kai masa kuɗinsa.

Malaman ƙasar Hausa ba baƙi ba ne ga wannan magana. Wanda ya rubuta waƙa da ajami ya kan saka sunansa a baitocin ƙarshe, ya ba da shekara ta hanyar ramzi. Wanda ya kwafi littafi da hannu shi ma ya kan faɗi sunansa a ƙarshe, ya roƙi addu'ar masu karatu. Watau an daɗe da sanin cewa aikin tunani da na hannu yana da mai shi. Abin da ya hana hoto samun wannan matsayi da wuri shi ne wata shakka da ta taso tun farkon sana'ar a ƙasashen Turawa: shin hoto aikin mutum ne, ko kuwa aikin na'ura ne da hasken rana?

Shari'ar Sarony

A Amurka wannan shakka ta kai gaban kotu mafi girma. A cikin 1882 marubucin nan mutumin Ayalan, Oscar Wilde, ya sauka a Niyok, wani shahararren mai hoto na birnin, Napoleon Sarony, ya ɗauke shi hotuna da dama. Wani kamfanin ɗab'i mai suna Burrow-Giles ya kwafi ɗaya daga ciki, wanda a ke kira na goma sha takwas, ya buga guda 85,000 ba da izni ba. Da Sarony ya kai ƙara, kamfanin ya kawo hanzari biyu. Na farko, wai sunan da ke jikin hoton bai cika ba, domin harafin N kaɗai aka sa kafin Sarony. Na biyu, wanda ya fi nauyi, wai hoto ba wallafa ba ne, mai hoto kuma ba mawallafi ba ne, saboda haka majalisar ƙasa ba ta da ikon ba shi kariyar da ta ba shi a dokar 1865.

A cikin 1884 Kotun Ƙoli ta ture hanzarin nan duka biyu. Ta ce Sarony ne ya zaunar da mutumin yadda ya ke so, shi ya zaɓi tufafi da labule da kayan da ke kewaye, shi ya daidaita haske da inuwa, har ya jawo irin kallon da ya ke nema a fuska. Duk wannan daga tunaninsa ya fito tun na'ura ba ta yi nata aiki ba. Amma fa kotun ta yi taka tsantsan. Ba ta ce kowane hoto haka ya ke ba, maganar hoton da aka ɗauka kawai ba da wani shiri ba kuwa ta ƙyale ta ba ta yanke ba.

Dokar mai nagatif

Kafin a fahimci abin da ya biyo baya, dole a tuna yadda a ke yin hoto a wancan zamani. Kyamara ta kan kama siffa a jikin gilashi ko fim, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Wannan shi masu sana'a ke kira nagatif, shi ne uwar hoto, daga jikinsa a ke wanko hoto a takarda, ko ɗaya ko dubu. Nagatif ɗaya ne tak ga kowane hoto. Wanda ya riƙe shi ya riƙe rijiya, saura sai dai su sayi ruwa.

Ingila ta sa hoto cikin dokarta tun 1862, amma dokar da ta shafi Nijeriya ita ce ta haƙƙin mallaka ta 1911, wadda aka shimfiɗa a Nijeriya ta Arewa da ta Kudu a 1912, ta kuma zauna har 1970. Wannan doka ta ce mawallafin hoto shi ne wanda ya mallaki nagatif a lokacin da aka yi shi. Ba ta tambayi wanda ya riƙe kyamara ba. Har wa yau ta ce in wani ne ya sa aka ɗauki hoto ya biya, to, haƙƙin nasa ne, sai in an yi wata yarjejeniya dabam. Lalle doka ce da aka yanka daidai jikin masu shaguna da masu jaridu. Ma'aikacin da aka ba fim na kamfani ya fita ya ɗauko hoto, ko da ya sa ransa cikin haɗari, a idon doka bai wallafa kome ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tun wannan doka ba ta iso ba an riga an ga wata irin asara a Nijeriya, wadda ba ta kuɗi ba ce. Jonathan Adagogo Green mutumin Bonny ne, Ijo ne daga reshen Ibani, an haife shi a 1873, ya rasu a 1905 yana ɗan shekara talatin da biyu. Shi ya ɗauki hoton nan sananne na Oba Ovonramwen na Binin a cikin jirgin ruwa mai suna Ivy a 1897, sa'ad da Turawa su ke tafiya da shi Kalaba bayan sun ci birninsa. Hotunan Green sun shiga jaridun Landan da littattafai da kundayen hotuna na 'yan kasuwa da ma'aikatan mulki. Wani wuri an buga su ba suna. Wani wuri kuma hatiminsa na nan, amma J. A. Green kawai ya ce, saboda haka mutane da yawa suka ɗauka Bature ne. Sunan ya tsira, mutumin ya ɓace. Sai bayan dogon bincike, wanda Martha Anderson da Lisa Aronson suka tattara a littafi a 2017, aka komar da shi matsayinsa na ɗaya daga cikin 'yan ƙasa na farko da suka riƙi ɗaukar hoto sana'a.

Masu hoto na Turai ba su jira doka ta gyaru ba. A cikin 1947, bayan yaƙin duniya na biyu, Robert Capa da Henri Cartier-Bresson da George Rodger da David Seymour da William Vandivert suka kafa ƙungiyar Magnum. Dabararsu ba ta da wuyar ganewa: nagatif da haƙƙinsa su zauna hannun wanda ya ɗauka, mujalla ta sayi iznin bugawa kawai, ta sa sunan mai hoto, in wata mujalla a wata ƙasa tana so ita ma ta biya nata. Da haka hoto ɗaya ya zama gona mai ba da amfani kowace shekara, maimakon damin da a ke sayarwa sau ɗaya. Amma wannan hanya ta waɗanda su ke da suna ce tun farko, masu iya sa wa mujalla sharaɗi.

Mai hoton Bamako

Labarin da ya fi nuna yadda suna da kuɗi ke ɗaure da juna shi ne na Seydou Keita, watau Sa'idu Keita, mutumin Bamako. An haife shi wajen 1921, sa'ad da ƙasar Mali ta ke hannun Faransa da sunan Sudan ta Faransa. Kafinta ya fara koya wurin mahaifinsa. A cikin 1935 wani kawunsa ya komo daga Senegal da 'yar kyamara ƙirar Kodak Brownie ya ba shi, daga nan hankalinsa ya karkata. A 1948 ya buɗe wurin sana'arsa a unguwar Bamako-Kura, kusa da babban gidan yari, ba nisa da tashar jirgin ƙasa mai zuwa Dakar, saboda haka ban da mutanen gari har matafiya su kan biyo.

Ya fi son hasken rana da na fitila, yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi. Mayafin gadonsa ne labulensa na farko, daga baya ya riƙa sake labule bayan 'yan shekaru, har ya zama da labule ya ke gane shekarar da ya ɗauki hoto. Ya tanadi kayan aro domin masu zuwa: kwat irin ta Turawa, agogo, alƙalami, rediyo, keke, babur, har da mota. Shi ke gyara wa mace zaman zanenta, ya nuna mata inda za ta aza hannu, ya karkata kafaɗar saurayi. Saboda tsadar fim, sau ɗaya ya kan ɗauki mutum. Nagatif ɗinsa santimita 13 ne da 18, hoton da ya ke ba mai shi ma daidai wannan girma ne, ya kan kuma buga hatiminsa a baya. Mai karatu zai lura cewa duk abin da kotun Amurka ta lissafa a aikin Sarony, Keita ya yi shi, a wani wuri ma ya zarce.

A wannan zamani babu wata rigima. Mutum ya zo, a ɗauke shi, ya biya, ya tafi da hotonsa ya rataya a ɗaki ko ya aika wa dangi. Keita ya sami ladansa, Bamako kuma ta san sunansa. Nagatif kuwa ya adana su, dubbai, domin ko wani zai komo neman ƙari. A 1962, bayan mulkin kai, gwamnati ta ɗauke shi aikin hoto, a 1963 wurin sana'arsa ya rufe, a 1977 ya yi ritaya.

A cikin 1991 aka yi wani babban nuni na fasahar Afirka ta ƙarni na ashirin a Niyok, mai suna Africa Explores, wanda Susan Vogel ta shirya. Cikin abubuwan da aka rataya akwai waɗansu hotuna daga Bamako, an samo su shekaru da dama kafin nan, sunan mai su kuwa ya salwanta a hanya. Abin da aka rubuta a ƙarƙashinsu shi ne cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. A lokacin Keita yana da rai, yana zaune a Bamako, yana wajen shekara saba'in. Wani attajiri mai tara kayan fasahar Afirka, Jean Pigozzi, ya ga hotunan suka burge shi, ya tura wakilinsa André Magnin ya nemo mai su. Da Magnin ya isa Bamako ya nuna kwafensu ga Malick Sidibe, wani mashahurin mai hoto na garin, nan take ya ce ai aikin Keita ne, ya kwatanta masa gidan. Abin da ya gagari babban birni na Amurka, tambaya ɗaya ta warware shi a bakin titi. Watau kalmar nan "ba a sani ba" sau da yawa ma'anarta ba a tambaya ba.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Magnin ya zaɓi nagatif 921 ya tafi da su Faris. A 1994 aka yi nunin aikin Keita shi kaɗai a gidan Fondation Cartier, a shekarar kuma aka fara taron masu hoto na Afirka a Bamako, wanda wata mai hoto Bafaransa, Françoise Huguier, ta ke cikin waɗanda suka kafa shi. Ita ma ta yi ƙoƙari ƙwarai wajen fito da aikinsa. A 1997 aka buga babban littafin hotunansa, aka kuma yi nuni a gidan Gagosian na Niyok, inda aka wanke hotunan manya manya, waɗansu sun kusa tsawon mutum, kuɗin guda ɗaya ya kai dala 16,000.

A nan akwai abin dubawa. Hoton da ba a san mai shi ba, shaida ce kawai ta yadda mutanen Bamako su ke ado a wani zamani. Masana su kan yi amfani da shi, ba mai biyan kowa. Da aka manna masa suna, hoton nan dai, ba a ƙara masa kome ba, ya zama aikin gwani mai tsada. Mai saye kuwa ba takarda ya ke saye ba, gama ana iya wanko dubu irinta. Abin da ya ke biya shi ne sa hannun Keita a gefe, da tabbacin cewa kaɗan aka wanke. Saboda haka da saɓani ya taso, a kan waɗannan abubuwa biyu ya taso: sa hannu da nagatif. A 2001 Keita ya ƙulla sabuwar yarjejeniya da wani dillali, Jean-Marc Patras, aka kuma kafa wata ƙungiya mai sunansa a Bamako domin ta kula da aikinsa. A watan Nuwamba na wannan shekara ya rasu a Faris. Bayan rasuwarsa ɓangarorin biyu suka yi ta jayayya a kan wa ke da ikon wanke hotunan, da sahihancin sa hannun da ke jikin waɗansu, da komar da nagatif ɗin nan, har magana ta kai gaban shari'a a Faransa.

Adalci ne a ce ba domin waɗanda suka je suka nemo shi ba, da wataƙila Keita ya mutu duniya ba ta san shi ba, ya kuma ci moriyar sunansa a shekarunsa na ƙarshe. Adalci ne kuma a ce tun ran da nagatif suka bar Bamako, ƙarfin ciniki ya bar hannunsa. Ko a ƙasar da doka ta ce haƙƙi na mai ɗauka ne, wanda uwar hoto ke ɗakinsa shi ke iya wankewa. A 2016 aka yi babban nunin aikinsa a Grand Palais na Faris, sunansa a rubuce a ƙofa.

Akasin wannan ya faru a Afirka ta Kudu. Ran 16 ga Yuni 1976, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wuta a kan 'yan makaranta a Soweto, Sam Nzima na jaridar The World ya ɗauki hoton yaron nan Hector Pieterson, wani saurayi na ɗauke da shi a hannu, yayarsa na gudu a gefe. Ya ɓoye fim ɗin cikin safarsa. Hoton ya zaga duniya, sunan Nzima bai ɓace ba. Hasali ma sunan ne ya jawo masa fitinar 'yan sanda, har ya bar aikin jarida ya koma ƙauyensu, jaridar kuma aka haramta ta a 1977. Amma tun da ya ke ma'aikaci ne, haƙƙin hoton na kamfanin da ya mallaki jaridar ne. Sai a 1998, bayan shekara ashirin da biyu, aka mallaka masa shi. A lokacin hoton ya riga ya bazu ko'ina, karɓar kuɗi daga masu buga shi ya zama da wuya. Ya rasu a 2018.

Inda doka ta kai

Dokoki sun gyaru, amma a hankali. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe suka ƙulla domin kare haƙƙin mawallafa, sai a gyaran Rum na 1928 ta amince cewa mai aiki yana da ikon a jingina masa aikinsa ko da ya sayar da haƙƙin cin moriyarsa. Sai kuma a 1948 aka sa hoto sosai cikin jerin ayyukan da ta ke karewa. Duk da haka an ci gaba da rage masa mudu: littafi yana da kariya tsawon ran marubuci da shekara hamsin bayansa, hoto kuwa mafi ƙarancin abin da aka wajabta shekara ashirin da biyar ne daga ɗaukarsa, har wata yarjejeniya ta 1996 ta kawar da wannan bambanci ga ƙasashen da suka shige ta. Ingila ta soke hukuncin mai nagatif a dokarta ta 1988, amma ta bar wata kafa babba: ikon a ambaci suna ba ya aiki a kan abin da aka yi domin bugawa a jarida ko mujalla, watau daidai wurin da aka fi buga hoto.

Dokar Nijeriya ta 1988 ta fi wannan kyauta wa mai hoto. Ta ce mawallafin hoto shi ne wanda ya ɗauka, haƙƙi kuma daga gare shi ya ke farawa ko da wani ne ya sa shi aikin, sai in an rubuta yarjejeniya dabam. Ta ware ma'aikacin jarida, wanda mai jaridar ke da haƙƙin buga aikinsa a jarida. Ta kuma ce ikon a jingina wa mutum aikinsa ba ya sayuwa, ba ya ƙarewa. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Berne a 1993, sa'an nan sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta maye gurbin ta 1988. Nagatif kansa ya kusa zama tarihi, gama hoton kyamarar zamani a kan kwafe shi sau dubu ba a bambanta asali da kwafi. Wannan ya kawar da ƙarfin mai riƙe da uwar hoto, amma ya sauƙaƙa rabuwar hoto da sunan mai shi, tun da ya ke shafukan intanet da yawa su kan goge bayanin da kyamara ke ɓoyewa cikin hoton.

Ga malamin da ke shirya littafi ko takardar bincike, wurin da a kan fi yin kuskure shi ne a ɗauka cewa wanda hoto ke hannunsa shi ke da ikon ba da iznin buga shi. Mallakar takarda dabam, mallakar haƙƙi dabam, kamar yadda wanda aka aika wa wasiƙa ya mallaki takardar amma bai mallaki maganar ba. Gidan ajiya yana iya karɓar kuɗin kwafi, wannan ladan ajiyarsa ne, bai kuwa ɗauke haƙƙin mai ɗauka ko magadansa ba. Sunan gidan ajiya ba ya tsayawa a madadin sunan mai hoto. Tsohon hoto kuma ya kamata a juya bayansa kafin a ce ba a san mai shi ba, domin masu shagunan hoto na Afirka ta Yamma da yawa su kan buga hatimi mai suna da gari, in kuwa an sami gari, tsofaffin masu sana'a a can su kan gane hannun junansu.

Saura mutum na uku, wanda ke cikin hoton. Matan Bamako da samarinta da suka zauna gaban Keita kuɗinsu suka biya domin abin ratayawa a ɗaki, ba wanda ya shawarce su kafin a kai fuskokinsu bangon attajirai a wata nahiya, yawancinsu kuma ba suna aka nuna su. Dokar Nijeriya ta 2022 ta taɓa wannan: wanda ya sa aka ɗauke shi hoto domin amfanin kansa da na gidansa yana da ikon amfani da shi ba domin ciniki ba, yana kuma da ikon hana a buga shi ko a nuna shi ga jama'a, sai in sun yi wata yarjejeniya dabam da mai hoton.